Gwarzaye Masu Ƙarfin Ban Mamaki da Manyan Mugaye a Rubutun Zube: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa a bakin masu karatu, da kuma marubutan da ke son gina labarin gwarzon da ƙarfinsa ya wuce na ɗan'adam da kalmomi zalla, babu zane babu fim. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi, kuma inda wata amsa ta jingina da wata an nuna lambarta.

1. Wane irin labari ake nufi tukuna?

Labari ne na mutumin da ke da wata baiwa wadda sauran mutane ba su da ita: ya tashi sama, ko ya ɗaga babbar mota da hannu ɗaya, ko ya ji abin da ke zuciyar wanda ke gabansa. Sai ya ɗora wa kansa kare jama'a, ya yi wa kansa laƙabi da shiga ta musamman, galibi kuma ya ɓoye ko shi wane ne. Turawa na ce masa "superhero". Kishiyarsa shi ne babban mugu, wanda 'yan kallo ke kira bos. Shi ma yana da baiwa ko kaifin ƙwaƙwalwa, sai dai ya juya su wajen biyan buƙatar kansa.

Yawanci labarin yana faruwa ne a duniya irin tamu, mai 'yan sanda da kotu da 'yan jarida da kuɗin haya. Wannan sharaɗi yana da nauyi, za a sake cin karo da shi a tambaya ta 3 da ta 9.

2. Ba a mujallun zane aka haife su ba? Me ya kawo su rubutun zube?

Gida suka dawo. Superman ya bayyana a mujallar Action Comics a 1938, Batman ya biyo baya a 1939, amma kusan duk kayan da aka gina su da shi an riga an sassaƙa shi a zube. A 1905 Baroness Orczy ta fitar da The Scarlet Pimpernel, labarin wani attajirin Ingila da ke nuna wa duniya shi shashasha ne mai son ado, alhali shi ne ke kutsawa Faransa a ɓoye yana kuɓutar da waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa lokacin juyin juya hali. Zorro, mai baƙin ƙyalle a fuska, ya fito a 1919 daga alƙalamin Johnston McCulley. A 1930 Philip Wylie ya rubuta Gladiator, inda wani masanin kimiyya ya yi wa matarsa allura tana da ciki, ta haifi ɗan da harsashi ba ya huda shi, ya kuma ƙare rayuwarsa bai gano abin da zai yi da wannan ƙarfi ba.

Sai zamanin mujallu masu arha a Amurka, waɗanda ake bugawa a takarda maras kyau a sayar a kan kwabbai. The Shadow ya samu mujallarsa a 1931, kuma Walter Gibson shi kaɗai ya rubuta sama da 280 daga cikin labaransa. Doc Savage ya zo a 1933 ya yi fitowa 181. Har sunan Superman ma a zube ya fara fitowa. A 1933 Jerry Siegel ya rubuta wani gajeren labari, Joe Shuster ya yi masa 'yan zane-zane, kuma wanda ke ɗauke da sunan a ciki mugu ne: wani talaka da aka tsamo daga layin karɓar abincin sadaka aka ɗura masa magani, ya samu ikon karanta zukata, ya shiga neman mallake duniya. Sai bayan shekara biyar gwarzon da kowa ya sani ya fito.

3. Ina bambancinsa da littattafan yaƙi da na aljanu da muka saba karantawa?

Dangi ne na kusa. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutu da aka shirya daga Zariya, gwarzo ne da ya gwabza da Turawa ya kuma shiga duniyar aljanu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa sunansa ma ya faɗi halinsa. Duk wanda ya tashi da waɗannan ba baƙo ba ne ga mutum ɗaya mai tarwatsa runduna.

Inda suka rabu shi ne wajen sheda da hisabi. Jarumin littafin yaƙi yana rayuwa a zamanin takobi da doki, idan ya kashe sadaukai dubu maroƙa su yi masa kirari, a wuce wurin. Gwarzon da muke magana a kai idan ya karya wa ɓarawo hannu, akwai mai ɗaukarsa a waya, akwai ɗan sandan da zai rubuta rahoto, akwai uwar ɓarawon da za ta kwana a asibiti, kuma gobe da safe shi kansa zai tafi wurin aiki. Wannan matsi na rayuwar yau da kullum shi ne gishirin labarin.

4. Me zube zai iya yi wanda zane da fim ba za su iya ba?

Wannan ita ce uwar tambayoyin. Zane da fim sun fi zube iya nuna ƙarfi daga waje: bene na rushewa, wuta na tashi, mutum na keta gajimare. Marubucin da ya ce zai yi tsere da su a nan zai sha kaye, domin shafi uku na bayanin fashewa ba su kai hoto ɗaya ba. Abin da zube ya mallaka shi ne cikin jiki da cikin zuciya. Shi kaɗai ne zai iya zaunar da mai karatu a cikin fatar mai ƙarfin, ya ji yadda baiwar ke zaune da shi dare da rana, har a lokacin da babu abokin gaba ko ɗaya a kusa.

Ɗauki misalin saurayin da ke iya lanƙwasa ƙarfe. Kada ka fara da shi yana ɗaga tirela. Fara da shi da asuba a teburin mai shayi, ya tallabi kofin gilashi da tafin hannu biyu kamar mai riƙe da ɗan tsako, don ya fasa uku a makon nan kuma mai shayin ya fara yi masa wani irin kallo. A masallaci idan an idar da salla ana musabaha, shi sai ya miƙa 'yan yatsu kawai, har maƙwabta suka fara cewa yaron nan ya yi girman kai. Ranar da mahaifiyarsa ta zame a bakin rijiya ya cafke ta kafin ta kai ƙasa, shatin yatsunsa ya yi mako biyu a damtsenta, ita kuma ta riƙa jan mayafi tana rufewa don kada ya gani. Mai karatun da ya bi shi ta nan, duk ranar da tirelar ta zo zai riƙe numfashi, domin ya san abin da hannun nan yake yi wa abin da ya taɓa.

Ni a ganina, littafin irin wannan da bai taɓa nuna abin da baiwar ke ci wa mai ita ba, bai yi amfani da damar da zube ya ba shi ba.

5. To yaya ake rubuta faɗa ya yi armashi?

Kafin a kai hannu, mai karatu ya san fili: ina ƙofa, ina rijiya, wa ke tsaye a ina, wa ake tsoron ya ji rauni. Sannan ka tsaya a idon mutum ɗaya. Abin da bai gani ba kada ka faɗa. Idan an buge shi ta baya, mu ji bugun kafin mu san wanda ya yi. Jimloli su gajarta idan abu ya yi zafi. Kada ka ƙirga naushi ɗaya bayan ɗaya kamar mai sharhin dambe a rediyo. Zaɓi motsi uku ko huɗu da suka canza alƙiblar faɗan, sauran ka haɗe su a layi guda.

Kowane faɗa kuma ya zo da zaɓi. Bos na guduwa ta gabas, rufin aji na faɗowa kan yara ta yamma, gwarzo ba zai iya zama wuri biyu ba. Abin da ya zaɓa da abin da ya bari su ne za su haifi babi na gaba. Wannan ba ya yiwuwa sai baiwar tana da iyaka, don haka duba tambaya ta 6.

6. Wace baiwa ya kamata in ba gwarzona?

Ƙarama, mai iyaka a fili, wadda za ka iya tatsa har ƙarshe. Gwarzon da ke iya komai yana kashe labari, shi ya sa masu shirin Superman na rediyo suka shigo da wani dutse mai raunana shi a 1943. Amma rauni irin wannan, wanda ake ɗaukowa daga waje duk lokacin da marubuci ya maƙale, bai kai iyakar da ke cikin baiwar kanta daɗi ba.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Worm, na wani marubuci ɗan Kanada, John McCrae. Jarumarsa yarinya ce 'yar shekara 15 wadda ba ta da ƙarfin damtse, ba ta tashi sama. Ƙwari kawai take sarrafawa, su ma sai waɗanda ke kusa da ita. Da wannan ta sa gizo-gizo suka saƙa mata rigar da wuƙa ba ta yankawa da sauƙi, ta riƙa ɗora ƙananan ƙwari a jikin mutane don ta san inda kowa yake ko da a bayan bango ne. Duk nasarar da ta samu dabara ce mai karatu zai iya bin sawunta. Kafin ka fara babi na ɗaya, rubuta wa kanka amsar tambayoyi huɗu: baiwar tana kaiwa nisan ina, tana ɗaukar tsawon wane lokaci, me take ci a jikin mai ita, me ba za ta taɓa iyawa ba. Mai gudun walƙiya zai ci tuwon mutum goma, takalmansa ba sa kwana biyu. Mai jin zukatan mutane ba zai iya shiga kasuwa ranar cinta ba. Idan ka kafa doka, kada ka karya ta don ka fitar da gwarzo daga rami.

7. Daga ina ƙarfin zai fito, kuma yaya zan kauce wa taɓa aƙida?

Marubutan Amurka sun fi jingina shi da kimiyya: allura, haɗari a ɗakin gwaji, ko zuwa daga wata duniya. Jerin littattafan Wild Cards, wanda George R. R. Martin ya fara tacewa a 1987, ya yi amfani da tushe ɗaya ga kowa. A labarin, an saki wata ƙwayar cuta a sararin New York a 1946. Cikin duk mutum 100 da ta kama, 90 mutuwa suke yi, 9 su nakasa ko halittarsu ta jirkice, 1 kacal ke fita da baiwa. Dubi abin da wannan lissafi ya haifar: kowane gwarzo yana tafe da alhakin mutum 99 a bayansa, kuma waɗancan 9 ɗin sun zama al'umma guda da ake ƙyama, mai unguwarta da siyasarta.

Mai rubutu da Hausa yana da nasa rumbun: layar zana, baduhu, sagau, kau-da-bara, maganin ƙarfe na 'yan tauri. Makarantanka sun san waɗannan sunaye, sun kuma san kowannensu yana zuwa da sharaɗi da abin da ke karya shi, wato iyakar da aka yi bayani a tambaya ta 6 ta zo a shirye. Sai dai su ma makarantan suna da hukuncin da suke yi wa mai neman irin wannan taimako, don haka ka san tun farko ko labarinka yana ɗaukar abin a matsayin baiwa ko a matsayin ciniki da mai shi zai yi nadama. Shawarata ita ce kada ka ba wani ɗan'adam a labarinka abin da na Allah ne shi kaɗai, kamar sanin gaibu ko rayar da matacce. Bayan kiyaye aƙida, labarin ma ya fi ƙarfi idan mutuwa ba ta da makawa a cikinsa.

8. Me ya sa ake cewa labarin mugu ya fi na gwarzo daɗi a zube?

Domin mugu ne mai shiri. Gwarzo jira yake a yi ɓarna ya kai ɗauki, shi kuwa mugu yana da buri, yana da matakai, yana da abin da ya hana shi barci, kuma zube ya ƙware wajen bin tunanin mai ƙulla abu. Faransawa sun gane haka tun 1911, lokacin da Marcel Allain da Pierre Souvestre suka fara jerin Fantômas, inda sunan mai laifin ne a bangon littafi, ɗan sandan da ke binsa yana baya. A 2007 Austin Grossman ya ba babban mugu bakin magana a Soon I Will Be Invincible. Muna haɗuwa da shi a kurkuku, mutum mai kaifin basira wanda ya sha yunƙurin mallake duniya yana faɗuwa, kuma a ƙarƙashin duk alfaharinsa akwai ɗalibin da ba a taɓa kulawa da shi ba.

Mugun da ke dariya shi kaɗai yana cewa zai hallaka duniya ba ya tsorata kowa a takarda. Ba shi ƙorafi na gaskiya: gonar gado da aka ƙwace, ƙanwar da ta rasu a layin asibiti saboda babu kuɗin ajiya. Bari mai karatu ya gyaɗa kai ya ce wallahi an zalunce shi. Sannan ka nuna ranar da ya taka wani marar laifi don ya kai ga burinsa, ya kuma samo wa kansa hujja. Fahimtar mugu daban, wanke shi daban, kuma hanyar raba su ita ce waɗanda ya cutar su kasance mutane masu fuska da iyali a labarin, kamar yadda tambaya ta 9 ta nuna.

9. Wa ke biyan ɓarnar da ake yi wajen ceto?

A fim kyamara na bin gwarzo ta bar baraguzai a baya. Zube yana da sararin da zai tsaya a wurin bayan ƙura ta lafa. Littafin Hench na Natalie Zina Walschots, na 2020, an gina shi kacokan a kan wannan: wata ma'aikaciyar wucin gadi a ofishin wani mugu ta samu mummunar karaya a hannun babban gwarzo, tana jinya ta shiga lissafin rayuka da dukiyar da gwarzayen ke salwantarwa da sunan ceto.

Ko da labarinka na gwarzo ne tsantsa, saka babi ɗaya daga idon mai shagon da aka jefa mota cikin kantinsa, wanda kayan ciki bashi ne ya karɓo.

10. Ɓoye kama zai yiwu a unguwar da kowa ya san kowa?

Da wuya, kuma wahalar ita ce ribarka. Dabarar ɓoye suna ta fi zama daidai a manyan birane irin New York, inda mutum zai shekara bai san maƙwabcinsa ba. A unguwa irin tamu kuwa ana gane mutum daga tafiyarsa, daga tarinsa, daga takalmin da ya bari a ƙofar masallaci. Matar aure ba za ta fita ƙarfe biyun dare ba a tambaye ta, saurayin da ke kwana a shago da abokai huɗu ba shi da inda zai ɓoye riga mai jini.

Rufe fuska ba shi ne matsala ba, ga rawani da amawali, ga niƙabi, ga hular kwano ta masu babur. Matsalar mutane ce. Ya fi kama da gaskiya a ce wasu sun sani sun yi shiru: kakar da ke ajiye masa ruwan zafi da asuba ba ta taɓa tambayar inda ya kwana ba, mai unguwar da ya gane muryar amma ya ce wa 'yan sanda bai ga kowa ba. Asirin da unguwa guda ke riƙewa ya fi na mutum ɗaya nauyi, domin kowane ɗayansu ƙofa ce da bos zai iya ƙwanƙwasawa.

11. Zan iya rubuta labarin Superman ko Batman da Hausa in sayar?

A'a. Mallakar kamfanin DC ne, kamar yadda Spider-Man yake na Marvel, kuma fassara ko sabon labari da su don kasuwa yana buƙatar izini. A dokar Amurka, ayyukan wancan zamani suna fita daga kariya bayan shekara 95, don haka Superman na farko zai zama na kowa a 2034, Batman a 2035. Ko a lokacin, siffarsu ta farkon fitowa ce kawai za ta kuɓuta, wato Superman mai tsalle wanda bai fara tashi sama ba tukuna, kuma tambarin kasuwanci yana nan a hannun kamfanin. Ita kalmar "superhero" kanta DC da Marvel sun daɗe suna riƙe da rajistarta tare, sai a 2024 hukumar rajistar tambura ta Amurka ta soke.

Akwai darasi a tarihin masu Superman ɗin. Siegel da Shuster sun sayar da haƙƙinsa a 1938 a kan dala 130, suka shafe shekaru masu yawa suna shari'a da neman a mayar da sunansu a kan abin da suka ƙirƙira. Ƙirƙiri naka, kuma duk takardar da za ka sa wa hannu, ko ta mai buga littafi ce ko ta mai shirya fim, ka karanta ka ga ko aron labarin kake bayarwa na wani lokaci ko sayar da gwarzon ne ɗungurungum.

12. In sake shi shafi-shafi a intanet, ko in jira ya zama littafi?

Wannan nau'i ya saba da fita kashi-kashi tun zamanin mujallun da aka ambata a tambaya ta 2, kuma marubutan Hausa da ke sakin labari a WhatsApp da Facebook da Wattpad sun riga sun san yadda ake riƙe mai karatu da jiran gobe. Worm ma haka ya fita, daga Yunin 2011 zuwa Nuwamban 2013, aƙalla sau biyu a mako, har ya kai kusan kalma miliyan 1.7. Abin da ya riƙe makarantansa shi ne cika alkawarin ranar fitowa.

Haɗarin wannan hanya shi ne hauhawa. Kowane bos sai ya fi na baya, daga ɓarawon unguwa zuwa mai barazana ga gari, zuwa ƙasa, zuwa duniya, har a wayi gari mai shayi da mahaifiyar da ke tambaya ta 4 sun ɓace daga labarin. Kafin ka saki shafin farko, ka san bos na ƙarshe da abin da gwarzo zai rasa kafin ya kai gare shi. Ka tara aƙalla babi goma a ajiye saboda ranar rashin lafiya ko rashin caji. Ka buɗe littafin rubutu guda na dokokin baiwa da sunayen waɗanda suka san asiri da ranar da suka sani, domin a babi na 60 akwai mai karatun da zai tuna abin da ka faɗa a babi na 4. Idan kuma ƙungiya ce za ku yi rubutun haɗin gwiwa irin na Wild Cards, kowa da gwarzonsa a gari ɗaya, ku naɗa mutum ɗaya mai riƙe wannan littafi, wanda sai da amincewarsa za a kashe wani ko a ƙara wa wani ƙarfi.